Awon Matar Tela

Tela bai taɓa cewa shi makaniki ne ba. Shekara arba'in ya yi yana ɗinki a shago ɗaya, wani ɗan tsukuku mai taga guda tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da katifa, kuma da za a bar shi da a nan labarinsa zai tsaya. Mutum ne marar yawan magana. Wanda ya shafe rayuwarsa da allura uku a tsakanin leɓɓa dole ya koyi taƙaita zance, shi kuwa ko da ya cire allurar bai dawo da zancen ba.

Motar ya tsince ta ne a bayan wani gareji, ba taya, ba gilashin gaba, kaji sun mai da kujerar baya wurin saka ƙwai. Ta girmi babbar 'yarsa da shekara biyu. Ya tsaya ya kalle ta kamar yadda yake kallon tsohuwar riga mai kyawun yadi da aka wulaƙanta, ya ce a ransa wannan ai ba ta mutu ba, rashin mai kula ne. Washegari aka jawo ta da igiya har tsakar gidansa, aka ɗora ta a kan bulo huɗu tsakanin famfo da igiyar shanya. Matarsa ta fito da bokiti a hannu, ta zagaya ta sau ɗaya.

“Malam, wannan ta shigo ne ko an kawo gawarta?”

“Gyara za a yi.”

“To Allah ya ba ta lafiya. A dai matsar min da ita daga bakin famfo.”

Ba a matsar ba. Shekara shida tana nan, matar tana raɓawa ta gefenta da bokiti, har ta saba shanya ƙananan kaya a kan ƙofarta.

Yadda tela ke gyaran mota abin kallo ne, don ɗinka ta yake yi. Kowane noti da ya kwance yana da gwangwanin maɓallinsa, da rubutu da alli a murfi. Ba ya yarda a yanka ƙarfe sai ya fara yanka samfurinsa a kwali ya gwada a jikin motar, ya ja da baya ya karkata kai. Sannan ya kai wa maƙwabcinsa mai walda, wani ƙaton mutum mai saurin fushi da saurin hucewa. A watan farko duk abin da mai walda ya yanka sai ya zarce da inci guda. Ya auna, ya sake aunawa, ya zagi tef ɗinsa, daga baya ya gano daga kwalin ne.

“Malam, me ya sa kullum kake ƙara inci ɗaya?”

“Na kalmasa ne.”

“Ƙarfe ne fa. Wa zai yi masa kalmasa?”

Tela ya yi tunani, ya ce gaskiya ne. Kwalin gaba da ya kawo ma da incin a jiki. Mai walda ya haƙura, ya riƙa ragewa da kansa bai sake tayar da maganar ba.

Maganar gaskiya tela ba ya gaggawar motar ta tashi. Abin da yake so shi ne sa'o'i biyun nan na yamma, bayan ya rufe shago, ya kwanta a kan kwali a ƙarƙashinta inda ba wanda zai zo ya ce masa wuyan riga ya matse. Ya wanke kabireta sau huɗu ba don ta yi datti ba. Da an tambaye shi yaushe za a gama sai ya ce saura kaɗan, kuma da ya samu yadda yake so da wannan kaɗan ɗin ya kai shi ƙarshen rayuwa.

Sai wata safiya matarsa tana matse wanki, hannun hagu ya saki zanen, ƙafar hagu ta bi shi. Shanyewar ɓarin jiki, in ji likita. Ta yi mako uku a asibiti. Bakinta ne ya fara dawowa, ya dawo kuwa cif ba abin da ya ɓata a hanya, amma hannu da ƙafa suka tsaya inda suke. Ranar da aka sallame ta maza uku ne suka sa ta a tasi, suna lanƙwasa ta kamar katifa, mutanen bakin asibiti suna kallo suna ba da shawara. Aka kai ta gida aka kwantar da ita a gadonta. Sannan ta ce ita da shiga mota har abada, ta gwammace ta tsufa a ɗakin nan.

Damuwar ita ce Yaya. Yayarta ce da ta girme ta da shekara tara, ita ta goye ta ta raine ta bayan rasuwar mahaifiyarsu, tana zaune a can ɗaya ƙarshen gari a gidan ɗanta. Ciwon zuciya da gwiwa sun daɗe da hana ta fita. A da matar tela ce ke zuwa duk mako, su yi faɗa a kan wanda ya fi wani mantuwa, ta dawo da annashuwa. Yanzu sai waya. Kullum da safe sukan yi magana, kuma tela, yana ɗaura mata ɗankwali, yana jin muryar Yaya tana ƙara sirancewa wata bayan wata. Shekara biyu ba su ga juna ba, alhali tsakaninsu tafiyar rabin awa ce.

Wata rana ta ajiye wayar a kan cinya ta ce, ba tare da ta dube shi ba, “Ni da Yaya kam ina jin sai dai a zo a gaya wa ɗayanmu.”

Tela ya miƙe. Ya fita tsakar gida ya tsaya a gaban motar, ya daɗe. Tun daga ranar wasa ya ƙare.

Ya cire kujerar gaba ta gefen direba ya yar. Ya samo gindin kujerar aski daga wani mai aski da ya tashi daga shagonsa, irin mai juyawa, mai walda ya dasa shi a ƙasan motar a kan ƙarfe biyu yadda zai zamo waje. Suka sauya maƙalan ƙofa don ta buɗe har ƙarshe. Dabarar ita ce kujera ta fito ta juyo ta fuskanci keken guragun da matar ke zama a kai, mutum ɗaya ya ɗaga ta ya zaunar, a juya a tura ciki, ba lanƙwasawa, ba 'yan kallo. Ya sa makaniki na gaske ya zo ya tayar da injin, abin da ya shekara takwas yana ƙin yi saboda girman kai. Ita kanta kujerar kuwa bai bar wa kowa ba. Ya yi mata kafaɗu a gefe da gefe don su tallafe ɓangaren da ba ya riƙe kansa, ya cika ta da soso, ya rufe da yadi mai kauri ruwan ƙasa, ɗinki biyu-biyu. A duk shekarunsa bai taɓa yi wa wani attajiri aiki mai kyawun wannan ba.

Mai walda ya tambaye shi ko ya auna mai zaman.

Tela ya ɗago ya yi masa wani kallo. Shekara talatin da takwas yana yi mata ɗinki. Kafaɗa goma sha bakwai, ƙugu arba'in da biyu, ko daga barci aka tashe shi zai faɗa. Ya ce telan da ke ɗauko tef don matarsa ya sake sana'a.

Wata huɗu aka yi. Ranar gwaji ya turo kekenta tsakar gida, mai walda na tsaye a gefe yana goge hannu. Ƙofa ta buɗe, kujera ta fito ta juyo ba ko ƙara. Tela ya ɗaga matarsa ya zaunar. Sai ta nutse. Kafaɗun da ya yi don su riƙe ta suka tsaya can nesa, ta zame ta karkata hagu, kanta ya kusa taɓa ƙarfen ƙofa. Ta kowane gefe akwai wurin da matashin kai zai shiga. Mai walda ya ga lallai akwai abin dubawa a tayar baya, ya tafi ya durƙusa a can.

“Malam, wa ka ɗinka wa wannan?”

“Ke.”

“Wacce ni?”

Ba wai bai sani ba. Shi ke ɗaga ta safe da yamma, hannayensa sun san nauyinta fiye da sikelin asibiti. Amma tun da ta kwanta bai yi mata ɗinki ba, dogayen rigunan da 'yarsu ke sayowa take sawa, masu ɗaukar kowa. Hannu ya sani, kai ya ƙi karɓa. Ya ɗinka kujerar ne wa matar da ke raɓawa ta gefen motar da bokiti biyu.

“Ɗauko tef ɗinka,” ta ce.

Ya ɗauko. Ya gyara ta ta miƙe, ya ɗora tef daga kafaɗa zuwa kafaɗa. Ya duba lambar, babban yatsansa ya ɗan matsa gaba da kansa.

“Ina ganin yatsanka. Rubuta abin da ka gani.”

Ya rubuta goma sha huɗu a jikin kwali. Ya zagaya ƙugu, ya rubuta talatin da ɗaya. Ya tsaya yana kallon allin, tsoro ya kama shi irin wanda bai ji ba ko a ranar da ta faɗi. A nan ya gane cewa wata huɗun nan da ya yi a ƙarƙashin mota domin ta ne, gaskiya, amma kuma kallon ƙarfe ya fi masa sauƙi a kan kallonta. Kunya ta rufe shi. Ta ga idonsa ya kawo ruwa, ta ce ya bar ɓata alli, riga in ta yi yawa ai ragewa ake yi, ko ya manta sana'ar tasa ne.

Kwana uku ya rufe shago. Ya farke ɗinkin nan mai kyau zare bayan zare, ya sa mai walda ya matso da kafaɗun, ya ƙara soso, ya sake rufewa. Sau biyar yana zaunar da ita yana gwadawa, tana gaya masa inda ke matsa da inda ke da sako-sako, shi kuma yana cewa to, kamar yadda yake yi wa kowane mai kaya.

Suka fita da hantsi. Batir ya ƙi, sai da mai walda ya tura su zuwa gangaren bakin titi kafin injin ya yi tari ya kama. Ya biyo su da gudu yana cewa ta taga kada a kuskura a kashe ta inda ba gangare. Tela ya riƙe sitiyari da hannu biyu, yana tafiya a giya ta biyu, masu keke suna wuce shi. Salansar tana ruri kamar injin niƙa. Matar tana zaune tsaf, kujera ta riƙe ta, tana kallon gari tana ba da rahoto. An sare bishiyar da ke kan kwanar titi. Mai katifa ya tsufa. Wannan benen kuma wa ya ba su shawarar wannan fentin.

Gidan ɗan Yaya yana da matakala uku a ƙofa, titin kuma shimfiɗe yake ba ko ɗan tudu. Keken matar bai shiga bayan mota ba, an baro shi a gida. Saboda haka ɗan Yaya da matarsa suka ɗauko tsohuwar a kan kujerar roba, suka sauko da ita a hankali suka ajiye a bakin titi. Aka buɗe ƙofa, aka jawo kujera ta juyo. Gwiwa ta taɓa gwiwa.

Yaya ta ƙura wa ƙanwarta ido. “Kin rame.”

“Ke kuma ƙiba kika yi?”

Yaya ta miƙa hannu ta ɗauki hannun hagun, wanda ba ya motsi, ta ɗora a cinyarta ta rufe da nata biyun. Ta fara magana, leɓɓanta na motsi, amma ba abin da ke fitowa sama da rurin salansa. Tela na zaune a mazauninsa, ƙafa a kan totur yana ɗan dannawa kada injin ya mutu, idonsa a gaba kamar direban haya.

“Malam, kashe ta,” in ji matarsa.

“In na kashe ba za ta tashi ba. Babu gangare a nan.”

“To kada ta tashi. Ba na jin abin da Yaya ke cewa.”

Ya ɗaga ƙafarsa, ya murɗa makulli. Motar ta yi jijjiga sau biyu ta yi shiru. Muryar Yaya ta fito, 'yar ƙarama, tana cewa ta matso da kanta ta gani, wa ya ɗaura mata ɗankwali a karkace haka.