Jingar Baba da Ƙullin Kaka

Abubuwa da yawa na ƙuruciya sun shige mini, amma damanar da ruwan gulbi ya ci gidanmu ba za ta taɓa fita daga raina ba. Lokacin ina ƙaramar sakandare, muna zaune a wani ƙauye kusa da Gulma, gidanmu na can ƙarshen gari inda fadama ta fara. Ni yarinya ce marar magana. Ko a aji sai in san amsa amma in kasa ɗaga hannu. Abin da na iya shi ne kallo da saurare. A ɗakin Kaka nake kwana, mahaifiyar Baba, wadda ciwon ƙafa ya hana ta tafiya mai nisa.

Tun tsakiyar damana ake faɗa a rediyo cewa ruwan bana zai yi yawa, mutanen bakin fadama su koma tudu. Ba a jima ba gonakin shinkafa suka nutse. Na tuna yammacin da Baba ya dawo daga gona jiƙe har ƙugu, ya zauna bakin zaure. Shinkafar ta fara ɗaukar ciki ke nan ruwa ya rufe ta. Abin da ya rage mana shi ne rumbun da ke tsakar gida, da sauran geron bara a ciki, da shinkafar da ba a casa ba, da irin da za a yi noman rani da shi.

Maƙwabta suka fara tashi. Kullum sai amalanken shanu ya wuce ƙofar gidanmu ɗauke da tabarmi da tukwane da kaji a ɗaure, wasu zuwa makarantar firamare da ke kan tudu, wasu wajen dangi a Argungu. Baffa, ƙanen Baba da ke zaune a Gesse cikin Birnin Kebbi, ya dinga bugo waya yana cewa mu taho, ya share mana ɗaki. Aka tura masa ƙannena. Ni aka bar ni saboda ni nake ɗebo wa Kaka ruwan alwala da shafa mata magani.

Ranar da wasu mata suka shigo yi mata sallama, Kaka ta ɗaga murya yadda duk gidan zai ji, ta ce ita ba inda za ta, nan aka kawo ta tana amarya, nan kuma za a ɗauke ta. Baba yana bakin rumbu yana ji. Shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta kiran sunansa, ba sa zama su yi hira. Da safe zai durƙusa bakin ƙofarta ya gaishe ta, ta amsa tana kallon gefe, shi ke nan. In da saƙo, ni ake ba wa: ki ce wa ubanki kaza. Shi kuma tunda nake ban taɓa jin ya musa mata magana ba. Saboda haka maganar tashi ta mutu a ranar.

Sai aka shiga shirin zama. Baba ya tattara buhunan taki ya cika su da ƙasa, ya jera su jinga kewaye da katanga. Ya kai awaki tudu. Ya ɗora itacen girki a kan rumfa. Mama ta soya ƙuli-ƙuli, ta niƙa gari mai yawa, ta cika kowace randa da ruwan sha ta rufe da faifai. Abu na ƙarshe da Baba ya yi shi ne toshe rariyar da ruwan tsakar gida ke fita ta cikinta. Ya cusa duwatsu ya liƙe da laka, don kada gulbi ya shigo mana ta nan. Duk wanda ya wuce sai ya yaba aikin. Gaskiya ni ma na ji kamar babu ruwan da zai same mu.

A kwanakin nan ne na fara lura da Kaka. Wata safiya na dawo da buta, na same ta ta buɗe tsohuwar kwallarta. Ta fitar da farin yadin da ta ajiye na likkafaninta, da zanenta mai kyau, da sabon carbi, da kwalbar maganin ƙafa. Ta naɗe su a leda, ta ƙulle a ɗankwali, ta tura bayan randa. Na tsaya a bakin ƙofa har ta gama, sannan na yi gyaran murya na shiga. Takalminta na roba da ya daɗe a ƙarƙashin gado, shi ma na ga ta goge shi ta ajiye kusa da filo. Kuma kullum sai ta tambaye ni, kamar ba da wata manufa ba, ko har yanzu amalanke na iya bin hanya. Ban gane ba. Na dai ajiye abin a raina.

Ruwan gulbi ya zo a hankali, ba da ƙara ba. Ya cika lungu, ya kwanta a jikin jinga, bai shigo ba. Baba har ya ɗan yi murmushi. A yinin ne na kai masa fura zaure na tarar yana waya da Baffa. Bai kula da ni ba, don mutane ba su cika kula da ni ba. Na ji ya ce, “Kai, bar zancen rumbu. Rumbu ƙasa ne, Allah na maidawa. Inna ta ce ba ta tashi, to ni in tahi in bar ta?” Inna yake kiran Kaka.

Washegari da hantsi sama ta ɓalle. Nan ne muka gane abin da babu wanda ya tuna. Jingar ta hana gulbi shigowa, amma ta hana ruwan sama fita. Rariya a toshe, kuma ba halin buɗe ta, don ruwan waje ya fi na ciki tsawo. Tsakar gidanmu ta zama kamar ƙwarya. Kafin azahar ruwa ya kai idon sawu, ya rufe duwatsun da rumbu ke kai. Baba da Mama suka kama kwarfa da bokiti suna watsawa bayan katanga, sama na mayar musu. Ina ganin gindin bangon ɗakin Kaka yana yin baƙi, ƙasa na zubowa kaɗan-kaɗan, kyankyasai na hawa sama.

Na shiga na same ta a kan gado ta tattara ƙafafu. Ta tambaye ni ko rumbun na tsaye, na ce yana nan. Sai ta ce, ba ni take kallo ba, “Muddin yana tsaye ubanki ba shi tashi. Shi kaɗai ya rage mishi. In ni nac ce a tahi, ni nas sa ya rasa shi.”

Sai a lokacin abin ya haɗu a kaina. Kaka ta shirya tafiya tuntuni. Ta faɗi waccan magana ne don kada ɗanta ya bar abincin shekara saboda ita. Shi kuma ya haƙura da rumbun, ita yake tsare. Kowa yana yi wa ɗan'uwansa kara, bango kuma yana narkewa. A duk gidan ni kaɗai na ji bakin kowannensu.

Na fita na tsaya bayan Mama cikin ruwa. Na buɗe baki ya fi a ƙirga, magana ta ƙi fita. Ai ba a san yarinya da kai zancen manya ba. Daga baya na ja gefen zanenta. Ta juyo a gajiye za ta kore ni, sai na raɗa mata duka, ƙullin da ke bayan randa, da takalmi, da abin da Kaka ta ce, da abin da na ji a zaure. Mama ta dube ni kamar yau ta fara ganina. Ta ajiye bokiti ta je ta yi wa Baba magana ƙasa-ƙasa.

Na zaci zai je ya ce da Kaka ya ji komai. Bai yi haka ba. Ya wanke hannunsa, ya je bakin ƙofarta ya durƙusa cikin ruwa kamar yadda yake yi kowace safiya. Ya ce, “Inna, ni na gaza. Ina son in tahi Birni, kuma ba ni iyawa in ba da ke ba. Ki taimake ni.”

Kaka ta daɗe tana jan carbi. Sannan ta ce, tana kallon bango, “To, tunda kai ka gaza, mi zan ce? Ba ni barin ka tahi kai ɗaya.” Ta juyo gare ni ta ce in miƙo mata ɗan ƙullin nan. Na jawo shi daga bayan randa a ƙulle tsaf. Baba ya sunkuyar da kai, ya yi kamar bai gani ba.

Hanyar amalanke ta riga ta yanke. Baba ya haura katanga ya yi kiran wani masunci da ke zirga-zirga da kwalekwale yana kwashe waɗanda suka rage. Ya goya Kaka a bayansa ya fito da ita, ita kuwa tana ta yi masa faɗan ya kula da zanenta. Ya koma ya buɗe rumbu ya ciro buhun iri da ɗan geron da kwalekwalen zai iya ɗauka. Masuncin ya ce in aka ƙara ko mudu ɗaya sai dai Mama ta bi mu da iyo. Muka bi ta saman gonakin mutane, kawunan dawa na gogar gefen jirgi. Baba bai waiwaya ba ko sau ɗaya. A tsakiyar tafiya Kaka ta mintsine ni a cinya, ta ce a hankali, “Ashe kurmar ɗakina na da baki.” Ban san ko faɗa ne ba, sai da na ga ta riƙe hannuna ba ta saki ba har muka kai bakin titi, inda Baffa ke jiranmu da mota.

Bayan ruwa ya janye Baba ya koma shi kaɗai. Ya tarar rumbun ya zube, geron ya tsiro a cikin laka. Ɗakin Kaka ma ya rufta, rufin ya sauka daidai kan gadon da take zaune. Shekarar ta yi mana wuya ƙwarai. Mun daɗe a cushe a ɗakin Baffa, mun ci tuwon da ba mu saba ba, Baba ya yi ƙwadago kafin irin nan ya ba da amfani da rani. Amma Kaka ta ƙara shekaru tare da mu, kuma har ta koma ga Allah ita da Baba ba su taɓa tayar da zancen ranar ba.

Yau ba na ganin laifin kowa a cikinsu. So ne ya zaunar da su, kunya kuma ta rufe musu baki. Abin da na koya shi ne, shirin tsira ba tara abinci da jera buhu kaɗai ba ne. Kafin ruwa ya zo, a samu wanda zai tambayi kowa a gida abin da ke ransa da gaske. Kara abu ne mai kyau, amma idan kowa ya yi shiru don wani, sai ɗaki ya faɗa wa mutanen da dukansu suna son fita.