Zauren da Ba a Ce Shigo Ba

A tashar Mayahi, Sabiru yana kallon wani dattijo mai fason ƙafa, ya tallabe wayar salula da hannu biyu kamar ƙwaryar nono. Ƙila tun safe ya tako daga ƙauye, don yau ƙungiyar manoma ke rufe ɗaukar sunayen masu neman irin wake. Shafinta na intanet ya buɗe, amma hoton gona kawai ke juyawa da "Barka da zuwa". Batir ya yi ja.

"Baba, taɓa hoton ka shiga mana."

"Ɗana, sau uku na yi sallama. Barka aka ce mani, ba a ce in shigo ba."

Sabiru ya sake duban hoton. Shi ya tsara shafin, har yana alfahari da wannan hoton da ya mayar zauren shiga. Kafin ya miƙa hannu, wayar ta mutu.