Hannun Rigar Taubashina

Taubashina, ɗan kawuna, shi ya raba ni da kyamarar fim. Lokacin Shari'a ba ta daɗe da kankama a Zamfara ba, bukin kiɗa ya ja baya, abincina ya koma hoton taro: saukar karatu, walima, rakiyar maniyyata. Shi kuwa fatauci yake, yana sauke kaya a kasuwar Shinkafi. Ya iske ni shagona a Ƙaura da wata kyamarar dijital cikin kwali.

"Wagga ba ta cin fim, taubashi," in ji shi. "Kuma gilasanka duka za su hau. Mi kaka jira?"

Na gwada, gilasan da nake ɗaura wa bakin tsohuwar kyamarata suka hau daram. Na sayar da babur ɗina, na haɗa masa da tsohuwar kyamarata. Abin da bai faɗa mini ba shi ne farantin da ke karɓar haske a cikinta, wanda ake kira sansa, bai kai faɗin fim ba. Gilashin da ke kwaso mini tsakar gida guda sai ya koma tsakiya kawai yake gani. Ya sani sarai, don wanda ya fara sayenta saboda haka ya maido masa.

A Kurya Madaro asirin ya tonu, wajen saukar wata Islamiyya. Na ja baya har gadon bayana ya daki katanga, amma ɗalibai na gefe ba su shigo ba. Na ce a raba su biyu. Malamin ya ce tare suka sauke, tare za a ɗauke su, ya aika aka kira wani mai hoto ina tsaye. Na sha kunya rannan. Makarantun yankin suka daina nemana.

Na tambaya a Gusau. Aka ce mai babban sansa ta wani kamfani ce, gilasaina ba za su hau bakinta ba, sai in sake komai daga tushe. Da me? Na koma wa taubashi, ya tuntsire da dariya, wai in sayi gida mai faɗi. Na so kai shi gaban alƙali, Inna ta ce ko bayan ranta ba ta yafe ba, ba a shari'a da taubashi. Na haɗiye, amma wallahi ban huce ba.

Sai ga shi an saka shi a kwamitin gyaran masallacin Juma'ar unguwarsu. Mutumin da bai taɓa riƙe ko shugabancin layi ba! Ya ɗinka babbar riga shuɗiya, ya gaya wa kowa har Gurbin Ɓore cewa za a rataye hoton kwamiti a ofishinsu. Shi da kansa ya kawo ni, don ya san ba zan karɓi ladan aiki a hannunsa ba.

Aka jera a fili. Liman da dattawa a tsakiya, shi da yake ƙarami aka tura shi can ƙarshen dama. Bayana fili ne fetal, har awaki na kiwo. Da na ja baya kaɗan da ya shigo. Na leƙa, na ga inda sansan ya yanke, daidai kafaɗarsa. Na gyara tsayuwa, na ce kowa ya dubo nan. Taubashi ya baje riga, ya washe baki. Na danna, raina fari ƙal.

Da aka wanko hoton ya faɗo shagona ko sallama babu.

"Ina nike cikin hoton ga?"

"Ga ka nan," na ɗora yatsa a kan shuɗin ƙyalle a bakin hoton. "Iyakar abin da kyamarar taka ta iya kenan."

Ya nemi a sake, Liman ya ce dattawa ba za su sake tsayuwar rana don mutum ɗaya ba. Haka aka saka hoton a gilashi aka rataye. Duk baƙon da taubashi ya kai ofishin, sai ya nuna masa hannun rigar nan, ya rantse cewa nasa ne.