Aji Uku da Zaman Ranar Kasuwa

Litinin

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba na bar garinmu, cikin zafin watan Maris. Ni ne sakataren komin ɗinmu, wato ƙaramar hukumarmu, kuma sau biyu ke nan ana ware mana kuɗin gina aji uku, shekara ta ƙare ba mu taɓa su ba. An gargaɗe mu cewa in aka yi na uku, aikin zai koma wani gari. Ɗiyata Hadiza tana cikin masu karatu a rumfar zana, shi ya sa kunyar ta fi ci na. Sai na nufi Yamai neman shawara.

Daga Dogondutsi muka matsu da buhunan albasa. A shingen Dosso jandarma ya leƙa jakata, ya ga takardu zalla, ya miƙo mini da tausayi. Sha ɗaya da kwata muka shiga Yamai, bayan kilomita kusan ɗari uku. Na sauka unguwar Maourey wurin ƙanena Idi, tela, ya sayo mini dambu da zogale na dala ɗari.

"Yaya, duniya na kukan babu, ku kuna kukan akwai," in ji shi.

Talata

Ƙarfe tara taksi ya haye gada da ni zuwa unguwar Kirkissoye, gidan Hajiya Ramatu. Ta daɗe tana riƙe da baitulmalin wani komin kafin ta yi ritaya, an ce aiki bai taɓa yin kwantai a hannunta ba. Ko buɗe jakar ba ta yi ba.

"Ɗana, yaushe majalisarku ke zama ta amince da aikin?"

"In kuɗi sun iso, Hajiya. Yuli ko Agusta."

"Kansilolinku fa, mene ne sana'arsu?"

"Manoma ne."

"To, wa zai ajiye hauya a Agusta ya zo ya sa hannu?"

Gaskiya ta faɗa. Sau uku muka kira zama bara, mutum biyar suka zo cikin sha uku. Kafin a gama girbi a nemi ɗan kwangila, shekara ta tafi.

Ta ce, "Ku zauna tun rani, ko kuɗi ba su zo ba. Ku sa zaman ranar kasuwa bayan azahar, kowa ya riga ya kawo kansa gari. Yashi kuma ku kwashe kafin ƙorama ta kawo ruwa."

Wallahi matar nan ta burge ni. Shekara biyu ina zargin manyan Yamai da jinkiri, ita kuwa da tambaya uku ta gano ciwonmu.

Laraba da bayanta

Na iso gida da magariba, na wuce kai tsaye wurin magajin gari. Alhamis ta sama, ranar kasuwarmu, kansila sha biyu suka zauna. Na sha ukun, Malam Dari, ya aiko cewa bai sayar da ragonsa ba tukuna. Na bi shi har kara, kasuwar dabbobi, da takarda, ya ɗora ta a bayan ragon ya sa hannu.

Na gode wa Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni lafiya, na gode wa Idi, Allah Ya saka wa Hajiya Ramatu da alheri. Da kuɗi suka iso aka fara gini nan take. Ruwan farko na damina ta gaba a cikin sabon aji ya sami Hadiza, ta dawo gida littafinta a bushe.