Gudu sunka auna

Jiya jikata Saratu ta bugo waya, ta haye aji ukku na karatun likita. Sai nit tuna marigayi maigidana.

Shekarar da 'yan bindiga sunka koro mu daga Gatawa tar rubuta jarabawar shiga, makinta bai kai ba. Tana wanke ma kakan nata gyambo da ruwan ɗumi da gishiri, tana kuka.

Yac ce, "Ke amarya, share hawaye. Gudu sunka auna, ba kanki ba. Koma su sake awo."

Ta koma, da ƙyar anka ɗauke ta. Yau masu manyan makin ma wajenta suka tambaya. Ni da nik koyi karatu da furfura, wa za ya ce min awon farko shi na mutum?

Allah ka auna tsohon nan da rahama.