Ni Na Hana A Cire Idon Ɗiyata

A lokacin da abin nan ya faru, ni manomin albasa ne a wani ƙauye kusa da Dogarawa, shekaruna talatin da ɗoriya, kuma mutum ne ni mai kafiya. In na ce a'a a gidana, magana ta ƙare. Ɗiya ɗaya Allah ya ba mu, tana cikin shekara ta uku. Uwarta ce ta fara lura da wani fari-fari a cikin idonta na hagu, yana ƙyalli kamar idon kyanwa in haske ya doke shi. Tsofaffi suka ce hakiya ce, a sa mata tozali. Muka yi ta sawa, har muka ga tana karo da turmi in ta bi ta gefen hagu.

A likitar Konni, wato asibitin garin, mai duba ido ya haska, ya daɗe bai ɗago ba, sannan ya rubuta mana takarda ya ce mu wuce Yamai cikin satin nan. Can aka yi mata hotuna, wata lokotoro, babbar mai duba marasa lafiya, ta zaunar da mu ta ce ciwon daji ne a cikin ƙwayar idon. Ta ce idon ya riga ya daina gani, in aka cire shi yanzu yarinyar za ta rayu da izinin Allah, in kuwa aka bari ciwon zai bi jijiya ya shiga kai. Ni kalmar cirewa kawai na ji. Na tuno yadda za a riƙa nuna ta a ƙauye, na ce ban yarda a mayar mini da ɗiya mai ido ɗaya ba. Lokotoron ta roƙe ni, ta kawo wani magidanci da aka yi wa ɗansa aikin ya yi mini magana, na ƙi saurare. Matata ta riƙe bakin rigata tana cewa in yi wa Allah in yi wa Annabi. Na fizge, na sa hannu a takardar tafiya, muka hau mota.

Wata biyu na yi ina yawo da yarinyar nan. Na tsallaka iyaka wajen wani mai magani da aka yi mini kwatance, na karɓo na ɗigawa da na hayaƙi. Wata safiya ina shirin fita lambu na ji ihunta. Idon ya yi jawur ya kumbura, tana dukan kanta da hannu, ta ƙi nono ta ƙi fura. Matata ta miƙe. Ta goya ta, ta ɗauki takardun Yamai da ta ɓoye a ƙarƙashin tabarma, ta nufi bakin hanya. Ranar ce na fara bin matata a baya.

Tafiyar wuni guda ce, yarinyar tana amai a jikina, duk inda aka tsaya sai in kara kunne in ji ko tana numfashi. Na yi zaton lokotoron za ta ci mini mutunci. Ba ta yi ba. Cewa ta yi za a sake hoto a ga ko ciwon ya fita daga idon, in ya kai ƙwaƙwalwa kuwa, abin da ya rage mata shi ne rage wa yarinyar zafi. Kwana huɗu muka jira. A cikinsu aka fitar da gawar wani yaro daga gadon da ke kusa da namu, uwarsa ta ce su ma gida suka koma da farko. Ban iya haɗa ido da kowa ba.

Sakamako ya nuna ciwon ya fara taɓa jijiyar amma bai wuce ba. Aka cire idon, aka bi ta da ƙarin ruwa mai ƙarfi wata da watanni. Gashinta ya zube, bakinta ya yi gyambo. Da na yarda tun farko, in ji lokotoron, da wahalar ba ta kai haka ba. Yau tana lakwal tana karatu, da idon roba, kuma har yanzu duk lokacin da muka je awo ba na iya cin abinci sai an ce lafiya.

Na gane cewa kunyar mutane nake karewa, na kira ta tausayin ɗiya. Iyaye 'yan'uwana, in kun ga fari a idon yaro, ko kumburin da ya ƙi sauka, ku kai shi likita da wuri, kuma in an fara magani kada ku gudu. Mutanen da na ji tsoron bakinsu, ko ɗaya bai bi mu Yamai ba.