Bae Sun-deok da Matakalar Bakin Ruwa

Kafin motocin masu hawan tsauni su cika filin ajiya, Bae Sun-deok ta riga ta haye gadar katako, da safar hannu da guntun ƙarfe a jakarta. Aikinta a gandun shaƙatawa na lardin nan shi ne kula da matakalar dutse wadda ta bi gefen magangarar ruwa har sama. Takan danna kowane mataki da diddige. Wanda ya motsa, ta san an zare masa matoshi.

Ba ɓarayi ke zarewa ba. Mai buri a ransa yakan ɗora dutse a kan dutse a bakin ruwa, kuma babu dutsen da ke zama daram kamar faffaɗan da aka cusa a ƙarƙashin matakala. Tulin da wani ya ɗora kuwa ba a taɓa shi, kowa ya tashi da jin cewa mai rushe shi ya jawo wa gidansa tsiya. Mazan da suke aiki tare da ita sukan kau da kai su wuce. Ita ce ke durƙusawa ta sauke duwatsun da hannu biyu, ta ba mai tulin da ba ta sani ba haƙuri, ta mayar da kowanne gurbinsa. Tun gashinta na baƙi take wannan aiki. Ƙarshen watan nan za ta ajiye shi.

Abokin aikinta Tak ba ya gajiya da labarin wata Asabar, sanyi ya shigo, jarrabawar shiga jami'a ta ƙarato. Iyaye mata sun cika bakin ruwa, suna ɗora duwatsun roƙo don 'ya'yansu. Sun-deok ta tarar da matakin kwanar hanya, wanda ke daidai saman kududdufi, yana rawa. Matoshinsa dutse ne da aka sassaƙa daidai ramin, wani ba zai shiga ba. Ga shi can a gindin wani dogon tuli, wata mata na tsugune a gabansa.

"Ƙanwata, wannan na ƙasan namu ne," in ji Sun-deok.

"Na ɗana Gi-tae ne. Inna, ki bari sai bayan Alhamis, in ya fito daga jarrabawa ki kwashe duka."

"Maman Gi-tae, mota guda ta tsofaffi na kan tsauni, ta nan za su sauko. Kin san ba ruwa suka sha a can ba."

Matar ta kare tulin da jikinta. "Ai na ji labarinki. Ke ce mai rushe wa mutane fata. Taki 'yar wace jami'a ta shiga?"

Tak ya ce shi kansa sai da ya sunkuyar da kai. 'Yar Sun-deok ta zauna jarrabawar ba ta samu ba, kuma maƙwabta sun daɗe suna cewa aikin uwar ne ya ja mata.

"Ba ta shiga ko ɗaya ba," Sun-deok ta amsa. "Bas take tuƙawa. Wataƙila ma ita ta kawo ki."

Ba ta sa hannu a tulin ba. Hanyar sauka ɗaya ce, ba damar rufewa da mutane a sama. Sai ta hau ta tsaya a kan gefen matakin da ke ɗagawa, ta danne shi da nauyinta, ta juya wa ruwan baya. Feshin na dukanta, ta shiga miƙa wa masu saukowa hannu.

"Kai, yau gandu ya ajiye mana budurwa mai riƙe hannu!" in ji wani tsoho mai jar riga.

"Sauka dai, Baba. Warin giyarka zai kayar da ni kafin ruwan."

Wata tsohuwa ta tura mata ɓarin lemo a baki. Wani ya zame, ta fizgo shi ta madaurin jaka. Tak ya nemi ya karɓe ta, ta ce ya tsaya ƙasa ya tare. Rigarta ta jiƙe sharkaf, leɓunanta suka canza launi, layin mutane bai ƙare ba.

Maman Gi-tae na kallo. Can ta cire safar hannunta, ta sauke tulin da kanta, ta rungumo dutsen ta kawo. Su biyu suka durƙusa, ɗaya ta ɗaga matakin da ƙarfe, ɗaya ta tura.

"Inna," matar ta ce, "in yana ƙarƙashin nan, roƙona na nan?"

"Ban sani ba, ƙanwata. Abin da na sani, wannan ba mai rushe shi."

Ko Gi-tae ya ci ko bai ci ba, labari bai iso gandu ba. Tsofaffin dai duk sun koma motarsu da ƙafafunsu, kuma babu wanda ya tambayi sunan wadda ta riƙe musu hannu.

Inna Sun-deok, ke ce mai gadin diddigen baƙi. Ke ce kika ɗauki baƙin jinin da maza suka guje wa, aka soke ki da 'yarki, ba ki rama a kan ɗan wata ba. Dubbanmu mun bi hanyar nan muna ɗaukar hoton ruwa, ba mu taɓa duban abin da muke takawa ba. Mun gode. Ki huta, ki ɗumama gwiwoyin nan.

Ku kuma da za ku gaje ta, kada ku jira sai wani ya faɗa kududdufi kafin ku iya durƙusawa. Mu masu hawa, duk mai roƙo ya ɗauko dutsensa daga rafin ƙasa, ya hau da shi a bayansa. In ya yi masa nauyi a hanya, ya tuna ita ba ta taɓa ajiye namu nauyin ba.